Alminiyum ko ƙarfe: wanne ya fi jure danshin Yawuri?

Wani ɗan'uwa daga Yawuri, mai ba da hayar lasifika a wajen biki da wa'azi, ya ce bayan damina ya ga farin gari kamar toka a jikin amfilifayarsa ta alminiyum. Yana tambaya ko gara ya koma mai jikin ƙarfe.

Malam, kada ka koma. Tsatsar ƙarfe ja ce, tana ɓamɓarewa tana buɗe sabon wuri, haka za ta yi ta ci har ta huda. Shi kuwa alminiyum, wato goran ruwa, da ya sha iska sai ya yi wa kansa wata siririyar fata da ido ba ya gani, ita ke tsare abin da ke ciki. Ya fi fitar da zafi, ga rashin nauyi: in girmansu ɗaya, ƙarfe ya kusa ninka shi sau 3. Tambayi yaran da ke ɗora maka kaya a mota.

Sai dai alminiyum yana da lago. Je ka duba inda garin ya fi taruwa, na san a gindin noti ne, ko inda wayar jan ƙarfe ta taɓa jiki. In alminiyum ya haɗu da wani ƙarfe daban, laima mai ɗan gishiri ta shiga tsakani, wurin ya zama ƙaramin batir, kuma alminiyum ɗin ne ke cinyewa. Gishirin ba daga nesa yake zuwa ba, gumin hannu ne, shi ya sa makirufo ke fara zanzana. In kuma ƙurar hunturu ta kwanta ba a goge ba, watan Agusta sai ta tsotsi laima ta riƙe. Ku da ke bakin kogin Neja kun san yadda ɗaki ke yi a lokacin.

Wani abin mamaki, ɗanyen siminti da toka da soda suna cin alminiyum, alhali rodi na kwana shekaru cikin kankare lafiya. A nan ƙarfe ya yi nasara. Haka in ya tsage, kowane mai walda zai liƙe maka, na alminiyum sai ka yi nema.

Kwance notikan, ka goge garin da busasshen buroshi, ka shafa ɗan giris ka mayar, amma kada giris ya taɓa inda wuta ke bi. Ɗora kayan a kan katako, ban da daɓen ƙasa. Kuma ka daina ɗaure su cikin leda daga dawowa biki, ka bari su sha iska tukuna.