Cscope: tsohon kayan aiki da bai daina amfani ba

Ga ɗalibin kwamfuta a jami'ar ATBU Bauchi da aka miƙa wa lodin fayilolin yaren firogiramin na C ya gyara, laftop ɗinsa kuma RAM ɗinta bai wuce 4GB ba, cscope, manhajar bincike a cikin lambar C, ya cancanci a gwada shi. Kyauta ne, ba ya cin data, ba ya zuƙe batir in an ɗauke wuta.

A babban foldar aikin a buga `cscope -R -b -q`, zai gina cscope.out, ma'ajiyar bayanan da yake bincike a ciki. Daga cikin Vim, manhajar rubutu da gyaran fayil, sai a riƙa yi masa tambayoyi.

A ɗauki fankishan mai suna `kwatanta`. Umarnin `:cs find g kwatanta` yana kai mutum inda jikinsa yake, wurin da aka rubuta aikin da yake yi. Sanarwar da ke fayil ɗin .h, layi ɗaya da ke faɗin sunansa da abin da yake karɓa, ba ta fitowa a nan. `:cs find c` yana jero masu kiransa. `:cs find s` kuwa duk inda sunan ya fito yake kawowa: sanarwa, jiki, kira, har da ambato kawai.

Tarkon yana tsakanin c da s. Idan an rubuta `qsort(jeri, n, girma, kwatanta)`, `qsort`, mai jera abubuwa, zai sa `kwatanta` aiki sau da yawa, amma cscope bai ga alamar baka `(` bayan sunan ba, don haka bai lissafa shi kira ba. Mutum ya duba c, ya ga wayam, ya goge, aikin ya ƙi haɗuwa. Haka duk kiran da ya bi ta foyinta (pointer), wato ta adireshin fankishan ɗin maimakon sunansa. Kafin a goge komai, a duba s.

Cscope ba ya tantance `#ifdef`, sharaɗin da ke zaɓar ɓangaren lambar da za a haɗa, ɓangarorin biyu yake kwasowa. Bayan kowane gyara sai an sake gina ma'ajiyar, in ba haka ba lambobin layi su zame. A C++ kuma yana rikita fankishan masu suna ɗaya.

Mai aikin C++ ya koma clangd, wanda ke karanta lambar yadda kwamfaila, mai haɗa lambar ta zama manhaja, ke karanta ta, amma sai an tanadar masa compile_commands.json, fayil mai bayanin yadda ake haɗa aikin, ta `bear -- make` ko CMake, kuma ƙaramar laftop za ta ji a jikinta yayin da yake gina fihirisa.