Laka da damina ko kara da kaka?

Da damina laka kyauta ce. Ruwan Agusta na sauka, yara su kwaso yumɓu a bakin kududdufi, su mulmula shanu da 'yan tukwane. Bushewa ce matsalar: iska da laima, in kuma ka yi gaggawar shanyawa a rana, ƙahon saniyar ya tsage.

Kara kuwa sai kaka, bayan girbin dawa wajen Nuwamba. A ɓare ɓawon, a yayyanka totuwar, a sossoke su, sai ga mota har da tayoyi, ko tabarau. Ba jira, ba ɓata tsakar gida, sai dai ɓawon yana yankan yatsa kamar reza.

Ni kara na zaɓa. Ko ba komai, aiki a hantsin hunturu ya fi daɗi.