Daga Intel zuwa AMD: abin da na gani bayan na sauya furosesa

Duk mai haɗa kwamfutarsa da hannunsa, in ya ce zai sauya kamfanin furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke sarrafa aikin kwamfuta, to ba kaya ɗaya zai saya ba. Furosesar Intel ba ta zama a gurbin AMD, ta AMD ma ba ta zama a na Intel, don haka dole babban allo (motherboard), wanda gurbin yake jikinsa, ya tafi, wani lokacin har da RAM, ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfuta. Wannan ne ya sa na daɗe ina jan ƙafa.

Core i5-7500 nake amfani da ita, ta Intel, ta shekarar 2017, mai ƙwaya huɗu, wato sassa huɗu masu aiki a lokaci guda. Ban taɓa kuka da ita ba. Abin da ya tashe ni shi ne Windows 11, wadda jerin furosesocin da ta amince da su a ɓangaren Intel ya fara daga zubi na takwas, tawa kuwa ta bakwai ce, ga shi an daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoban 2025. Allona ma ba ya karɓar zubi na takwas, duk da cewa sunan gurbin ɗaya ne, LGA1151. Ke nan ko na zauna a Intel sai na sayi sabon allo. A irin wannan gaɓar ce kaɗai sauya kamfani ba ya ƙara wa mutum wani kashe kuɗi na a zo a gani, sai na ce bari in leƙa ɗaya ɓangaren.

Ryzen 5 7600 ta AMD na ɗauka, mai ƙwaya shida da zare (layin aiki) goma sha biyu, da allo samfurin B650, da RAM ɗin DDR5 sanda biyu. Ba gudunta ne ya ja ni ba, gurbinta ne. AMD ta fito da gurbin AM4 a 2016, kuma har 2024 tana yi masa sababbin furosesoci, irin su 5700X3D. Wanda ya sayi allon B450 a 2018, sabunta BIOS, wato manhajar da ke cikin allon, kawai ya yi ya ɗora Ryzen 5000, bai taɓa sauran kayansa ba. A tsawon wannan lokacin Intel ta tashi daga LGA1151 zuwa LGA1200 a 2020, zuwa LGA1700 a 2021, zuwa LGA1851 a 2024. Sabon gurbin AMD, wato AM5, wanda tawa take zama a kai, ya zo a Satumban 2022, kamfanin ya ce zai ci gaba da yi masa furosesa har 2027, kuma Ryzen 9000 da suka fito a 2024 a kansa suke zama. Alkawarin kamfani dai alkawari ne, amma an ga abin da suka yi da na baya.

A yi wa Intel adalci: da Core i5-12400 na saya da allo mai karɓar DDR4, da tsohuwar RAM ɗina ta ci gaba da aiki. AM5 ba ta san wannan zancen ba, DDR5 kawai take ci. Mai ƙaramin ƙarfi ya lissafa wannan tun kafin ya yanke shawara, domin a nan kuɗin yake ɓuya.

Wajen haɗawa babu wani baƙon abu ga wanda ya saba da Intel. A AM4 ƙafafun suna jikin furosesa ne, amma a AM5 sun koma cikin gurbin allo, guda 1718, sirara kamar gashi, lanƙwasa ɗaya ta isa ta ɓata maka rana. Ka daidaita ɗan alamar kusurwa uku da ke gefen furosesar da ta jikin gurbin, ka ajiye ta a hankali ba tare da dannawa ba, ka sauke marfin, ka ja ƙarfen. Murfin roba baƙi da ke rufe gurbin sabon allo zai yi tsalle ya fita da kansa, kada ka tsorata, kuma kada ka yar da shi. Murfin ƙarfen furosesar yana da yanke-yanke a gefensa, in ka cika man sanyaya da ake shafawa tsakanin furosesa da fanka zai gangara ciki, gogewa kuma sai da haƙuri. Tsohuwar fankata ba ta da maɗaurin da ya dace da wannan gurbi, sai na sa wadda ta zo a cikin kwalin, Wraith Stealth. Kafin ta zauna sai an kwance maƙalan roba biyu da ke zuwa a jikin allon, sannan a ɗaure kusoshinta huɗu a gicciye, kaɗan-kaɗan.

Kunnawar farko ce ke sa gaban mutum faɗuwa. Fankoki suna juyawa, ɗan fitilar DRAM na jikin allo, mai nuna halin RAM, yana ci, fuskar kwamfuta kuwa baƙi ƙirin, shiru. Ba lalacewa ba ce. Allon ne yake gwada RAM ɗin don ya gano saitin da za su zauna lafiya a kai, kuma da DDR5 hakan yana iya ɗaukar 'yan mintuna. Wanda bai sani ba zai kashe wuta ya fara zare kaya, ya mayar da aikin baya. Bayan ta tashi, akwai abu biyu da za a nema a BIOS. Na farko EXPO, saitin da ke sa RAM ta yi cikakken gudunta, takwaran XMP na Intel. In ba ka kunna shi ba, RAM ɗin da aka rubuta 6000 a kwalinta a 4800 za ta tsaya, ka biya kuɗin gudun da ba ka mora. Na biyu Memory Context Restore, wanda ke sa allon ya riƙe sakamakon gwajin maimakon ya sake shi a kowace kunnawa. Tun da na kunna shi tashin kwamfutar ya dawo yadda na saba.

Windows sabuwa na zuba, ban ɗauko tsohuwar da tarkacen direbobinta ba, sannan na sa direban chipset na AMD, wato manhajar da ke sa Windows ta yi aiki daidai da allon. Lasisin Windows yana maƙale ne da babban allo, saboda haka a haɗa shi da asusun Microsoft tun kafin a kwance tsohuwar kwamfutar. Wanda kuma ya kulle faifansa da BitLocker, makullin bayanai na Windows, ya adana mabuɗin cetonsa a wani wuri, don sabon allo zai tambaye shi.

To, gudun fa? Akwai shi sosai. Matse bidiyo da a da nake bari in tashi in yi wani abu, yanzu kafin in gama duba saƙonni ya ƙare. Ina iya barin shafukan intanet birjik a buɗe, wani aiki yana tafiya a baya, linzamin bai yi ko gezau ba. A wasanni ma ƙananan tsaye-tsayen nan da ake ji a wurare masu cunkoso sun ragu ƙwarai, alhali katin hoton bai canja ba. Sai dai ba zan ce sunan AMD ne ya kawo wannan ba. Tsakanin furosesar 2017 da ta 2023 akwai shekara shida, da ƙarin ƙwaya biyu, da ma'ajiyar L3 ta cikin furosesa da ta tashi daga MB 6 zuwa 32. Da sa'arta ta Intel na saka, kusan haka zan ji. Masu gardamar kamfani a intanet suna yawan tsallake wannan.

Zafi ya ɗan ba ni mamaki da farko, domin lambar tana hawa da sauri da zarar aiki ya yi nauyi. An ƙera Ryzen 7000 ne su ci gaba da ƙara gudu har zafi ya kusa digiri 95 muddin akwai sarari, ita kuwa 7600 da ke kan wat 65 ba ta wahalar da fanka kamar manyan 'yan'uwanta. Duk da haka, wanda ke son shiru a ɗakinsa ya tanadi fanka mai tsayi.

Abu ɗaya da na baro a can shi ne Quick Sync, sashen sarrafa bidiyo da ke cikin furosesocin Intel, wanda manhajojin tace bidiyo da yawa suka saba da shi. Ryzen 7600 tana da ɗan sashen hoto a cikinta, ya isa a kunna kwamfuta a yi aikin ofis ko a gano matsala ranar da kati ya ƙi, amma mai tace bidiyo ba tare da katin hoto ba ya tsaya ya duba abin da manhajarsa ta fi so kafin ya ƙaura.

Wanda yake kan AM4 ko LGA1700 a yanzu, ban ga dalilin da zai sa ya kwance komai ba. Ya shiga shafin kamfanin allonsa ya duba jerin furosesocin da yake karɓa, ya sabunta BIOS, ya ɗora mafi ƙarfin da aljihunsa ya iya.