Ƙwayar man kifi ta ba ni kunya a sahun Juma'a

Da na yi gwajin jini farkon bazara, likita ya ce kitse ya yi min yawa a jini, ba kwalastaral ba, ɗan uwansa da suke kira tiraigilisaraid. Ya ce in rage soye-soye da lemon kwalba, in riƙa cin kifi mai maiƙo sau biyu a mako. Ni kuwa don son jiki na ce ai ƙwaya ta fi sauƙi. Na biya kemis ɗin unguwarmu na ɗauko robar ƙwayar man kifi, wadda ake kira omega-3, mai ƙwaya 100, an rubuta 1000mg ɓaro-ɓaro a gabanta. Kuɗin kun san su, cefanen kwana biyu ne suka tafi.

Ƙwayar ƙatuwa ce, sai da ruwa kofi guda take wucewa, amma wannan ban damu ba. Ranar wata Juma'a na haɗiye ta ban sa komai a ciki ba, na wuce masallaci. Liman na tsakiyar huɗuba gyatsa ta taso min. Wallahi kamar an buɗe kwatar 'yan kifi da tsakar rana. Na danne, wata ta biyo, wata ta sake biyowa. Dattijon da ke damana ya waigo ya dube ni, ya ja gefen rawaninsa ya rufe hanci. Da aka sallame ya dafa gwiwata, ya ce, "Ɗana, in ka ci kifi ka riƙa yin asuwaki kafin ka shigo sahu." Na ce, "To Baba, na gode." Me zan ce masa? Rabona da kifi ya fi wata.

Ina komawa gida uwargida ta sa reza ta tsaga ɗaya a kan faranti. Ba ƙarnin kifi ba ne ma, wari ne irin na tsohon fenti, ga ƙwayoyin ƙasan robar sun manne sun zama curi guda. Sai na tuna inda na ɗauko ta: cikin gilashin da ke kallon titi, rana na dukansa, a zafin Afrilun Kano da ke haura digiri 40. Man kifi ba ya shiri da zafi da haske da iska, nan da nan yake lalacewa, ko da ranar ƙarewar da ke jiki tana da saura. Na mayar, yaron shagon ya ce, "Yallaɓai, ai haka kifi yake, kuma an buɗe ba a karɓa."

Don kada in yi zalunci, na sayi wata irinta a wurin da ke da na'urar sanyi, na ajiye a firji, ina sha a tsakiyar cin tuwo. Gyatsar ta ragu sosai, har na fara cewa laifin ajiya ne, kayan ba su da aibu.

Sai ƙanwata, ma'aikaciyar jinya, ta zo ta juya bayan robar. Ta ce, "Yaya, 1000 ɗin nan nauyin man ne gaba ɗaya. Karanta nan." EPA 180mg, DHA 120mg, su ne ainihin sinadaran omega-3 da ke cikin man. Wato abin da na biya kuɗi dominsa 300mg ne kacal, an ɓoye shi da rubutu kamar ƙafar kiyashi. Ta ce hakan ya ishi mai lafiya a rana, amma don sauke irin kitsena likitoci kan ba da giram 2 zuwa 4 (2000mg zuwa 4000mg) na sinadaran nan biyu, wato aƙalla ƙwaya bakwai irin tawa kullum, kuma kada in kuskura in ƙara da kaina, musamman in ina shan asfirin ko maganin tsinka jini. Nan haushin ya dawo min sabo. Bakwai! Da ɗaya ma ga abin da ya faru.

Gwaji na biyu ya nuna kitsen ya ɗan sauka, amma na bar lemo da awara a lokacin, don haka ba zan ba ƙwayar ladan ba. Yanzu titus ake dafa mana Litinin da Alhamis, wani lokaci sadin na gwangwani da burodi. Ragowar robar na nan a ƙofar firji. Dattijon nan kuwa, har yau in na hango rawaninsa, sahun baya nake komawa.