Gawo da kuka: wanne za a bari a tsakiyar gona?

Malam, ka tambaya me ya sa gawo ke zubar da ganye da damana alhali a lokacin kuka ke yin nata, kuma wanne ya kamata ka bari a gonarka ta hanyar garin Magarya a jihar Damagaram ta Nijar.

Rani ɗaya suke sha, wata takwas ko fiye babu ɗigon ruwa, amma kowanne da dabararsa. Kuka ajiya take yi. Cikin gangar jikinta taushi gare shi kamar soso, tana shan ruwa da damana ta riƙe. Saiwoyinta ba sa nutsewa sosai, bazuwa suke yi. Rani na kamawa sai ta kakkaɓe ganye don kada ruwan ya ƙare. Shi kuwa gawo nema yake yi: saiwarsa na nutsawa ƙasa har ta tarar da ruwa. Shi ya sa za ka gan shi kore shar a watan Maris, lokacin da daji ya bushe ƙurmus.

A gona ake ganin bambancinsu. Ganyen gawo na zuba da farkon damana ya zama taki, rana na ratsa rassansa, hatsin gindinsa ya fi na fili kauri. Da rani awaki da tumaki su ci 'ya'yansa, su kwanta a inuwarsa, su bar kashi a nan. Ba banza ba har yau ake ba da labarin hukunci mai tsanani da Sarki Tanimun ya sa wa mai sare gawo a Damagaram. Duk wanda ya bi ta garin Matamai a jihar Damagaram ya ga yadda gawo ya cika gonaki.

Inuwar kuka kuwa tana zuwa daidai lokacin da hatsi ke son rana, saiwoyinta na rabon ruwa da shi. Duk da haka raina ba ya son a ce cire ta. Je garin Mirya kusa da Damagaram ka ga matan da ganyenta ke ciyar da gidajensu. Ga miya, ga igiya daga ɓawonta. Wurinta gefen gona ne ko bayan gida, tsakiya kuma ta gawo ce.

Kada ka raina sabara da kalgo don gajartarsu, su ke tare yashi in iska ta taso, kuma ko an sare su daga kututture suke tohowa. In ka zo sassabe bana, bar wa kowane kututture reshe biyu ko uku masu ƙarfi, ka datse sauran.