Dell WD19 da sikirin 4K: dok mai kyau, amma duba laftof ɗinka kafin ka biya

Dell WD19 ya fito a 2019, kuma yanzu na hannu ya yi yawa a shagunan kwamfuta, har a Gusau ana samunsa. Aikinsa shi ne ya tara komai wuri guda: sikirin, linzami, kibod, wayar intanet da caji duk su shiga jikinsa, kai kuma ka soka waya ɗaya tak ta USB-C a laftof. Ga mai zanen gini, ko akawun da ke wuni kan Excel, wannan sauƙi ne babba. Hukuncinmu shi ne dok ɗin ya cancanci kuɗinsa. Sai dai kyawun hoton da zai ba ka a sikirin 4K ba a hannunsa kaɗai yake ba, kuma masu sayarwa ba su cika faɗin wannan ba.

A bayansa akwai ramukan haɗa sikirin, DisplayPort biyu da HDMI ɗaya, sai USB-C mai fitar da hoto, ramukan USB da na wayar intanet. Ka sani cewa HDMI da USB-C ɗin baya ba sa fitar da hoto lokaci guda, ɗaya za ka zaɓa.

Ga inda gizo ke saƙa. Bakin USB-C layuka huɗu gare shi masu gudu. WD19 yana ba hoto biyu, sauran biyun ya bar wa USB 3. Sikirin 4K, wato ɗigo 3840 a kwance da 2160 a tsaye, yana buƙatar kusan gigabit 12.5 a daƙiƙa idan zai sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa, wato 60Hz. Laftof ɗin da USB-C ɗinsa ke fitar da hoto da tsarin DisplayPort 1.2 kuwa gigabit 8.64 kawai zai iya turawa ta layi biyu. Don haka Windows sai ya sauko da kai 30Hz ba tare da ya ce maka uffan ba. Hoto zai fito tsaf, rubutu sarai, amma da ka motsa linzami za ka ga kibiyar tana jan ƙafa, idan ka ja shafi ƙasa rubutun ya riƙa dishi-dishi. Wuni ɗaya a haka ya isa ido ya gaji. Mai DisplayPort 1.4 yana tura 12.96 ta layukan nan biyu, shi ya sa yake kai 60Hz, da ƙyar amma yana kaiwa.

Matsalar ita ce laftof ɗin da suka fi yawo a kasuwarmu, irin su Dell Latitude 7490 da 5400 masu processor na Intel zubi na 8, duk DisplayPort 1.2 ne. A kansu WD19 zai ba ka 4K a 30Hz, ko sikirin biyu na 1920 da 1080 a 60Hz. Canza waya ba zai yi magani ba, sabunta direba ma haka. Daga Intel zubi na 11, kamar Latitude 5420, an wuce wannan ƙangi.

Wanda yake da tsohon laftof yana da mafita biyu. Idan akwai alamar walƙiya kusa da ramin USB-C, wato Thunderbolt, nemi WD19TB maimakon WD19 zalla, domin faɗin hanyarsa ya isa 4K a 60Hz. A kula, ba kowane 7490 ne ya zo da Thunderbolt ba, sai an duba. Mafita ta biyu ita ce a tsallake dok ɗin baki ɗaya: sikirin irin Dell U2720Q yana da USB-C nasa mai caji har wat 90, kuma a menu ɗinsa akwai USB-C Prioritization. Ka zaɓi High Resolution, layuka huɗun duka su koma wa hoto, ka samu 60Hz, illa dai USB ɗin jikin sikirin zai sauko gudun 2.0. Ga linzami da kibod wannan ba komai ba ne. Ramin HDMI na jikin waɗannan tsofaffin laftof kuwa 1.4 ne, shi ma 30Hz yake tsayawa.

Wajen haɗawa, fara ba dok wuta, ka haɗa sikirin da wayar DisplayPort, sannan ka soka laftof a ƙarshe. Shiga Settings, System, Display, Advanced display, ka karanta lambar Hz da idonka. Idan laftof sabo ne amma ka ga 30, duba menu na sikirin, domin wasu suna zuwa an saita su kan tsohon DisplayPort ko HDMI 1.4. Girman rubutu a inci 27 ka sa shi 150%, a 100% sai ka kusa manna fuska. Idan sikirin yana ɗaukewa na daƙiƙa biyu ya dawo, waya za ka fara zargi, musamman doguwar HDMI mara suna. Gajera mai kauri, wadda ba ta wuce mita biyu ba, ta fi.

Sai batun caja, wanda a nan ake cutar masu saye. Dok ɗin yana zuwa da adafta mai wat 130 ko 180. Na farko yana ba laftof wat 90, na biyu yana ba na Dell har 130. Wasu masu shago kan haɗa shi da cajar laftof ta wat 65 saboda bakinsu iri ɗaya ne, ko da ta jabu wadda siririn tsinken tsakiyarta ba ya gaya wa na'ura ƙarfinta. Sakamakon shi ne gargaɗi a lokacin kunnawa, caji mai tafiyar hawainiya, wani lokaci kwamfutar ma ta rage gudu. Juya adaftar ka karanta abin da aka rubuta a bayanta.

Dok ba shi da batir. Da an ɗauke wuta sikirin da intanet za su tafi tare, tagogin aikinka su tattaru a ƙaramin allon laftof. Mai inbata ko sola ya ɗora dok da sikirin a kai, kuma kada a sabunta manhajar cikin dok sai wuta na tsaye, don yankewa a tsakiya na iya kashe shi. Yana da ƙaramar fanka a ciki, saboda haka a zafin Afrilu kada a cusa shi ƙarƙashin takardu, bayan hunturu kuma a hure ƙurar ramukansa.

Masu MacBook su yi hattara: macOS ba ya raba hoto ta MST, wato hanyar da dok ɗin ke bi ya ba kowane sikirin hotonsa daban, don haka sikirin biyu a kan WD19 abu ɗaya za su nuna.

Ranar saye tafi da laftof ɗinka shago, a gwada a gabanka da sikirin 4K. Murɗa wayar USB-C a hankali daga wuyanta yayin da hoto ke kunne. A haɗe take da dok ɗin, ba irin wadda za ka zare ka sayi wata a bakin titi ba ce, don haka idan hoto ya ƙifta ka ajiye shi ka ce a kawo wani.