Cakulan mai duhu ko mai madara, wane jan farce zaki ɗauka na kaka?

'Yar uwa da kika tambaya tsakanin jan farce kalar cakulan mai duhu da kalar cakulan mai madara wanne yafi dacewa da kaka, kika ce ke wankan tarwaɗa ce faratanki kuma gajeru ne, sannan kwalba ɗaya tak kike son saya. Ni dai mai duhun zan ce ki ɗauka, amma fa wanda yake da ɗan ja a cikinsa. Bari in jera miki su biyun ki ga dalili.

Kinga duk wani ruwan ƙasa haɗi ne, ja da rawaya da baƙi ake gaurayawa, in kika juya bayan kwalba sau da yawa zaki ga lambobin sinadaran kala irin su CI 77491 shine jan, CI 77492 rawaya, CI 77499 kuma baƙi. Mai madarar an ƙara masa fari ne, CI 77891, shi yasa yake haske. To wannan farin shine inda matsalar take ga mu masu duhun fata, in yayi yawa sai kalar ta koma kamar toka-toka a hannu, hannun ya zama kamar ba'a shafa masa mai ba. Wani lokacin kuma kalar tazo daidai da fatarki sak ta ɓace a ciki, ki gama wahalar shafawa babu wanda zai lura kin saka komai. A farar mace kam mai madara yana fitowa da kyau sosai, haka ma wadda take baƙa sosai tunda zai fi fatarta haske ya fito fili, amma ke da kike tsakiya ke ce kika fi shiga haɗarin ɓacewar nan. Mai duhu bashi da wannan matsalar, ya fi fatarki duhu nesa ba kusa ba don haka yana fita raɗau.

Wajen gajeren farce ma mai duhun ne a gaba. Yana sa hannu yayi tsaf, kuma in kika bar ɗan siririn fili a gefe da gefe baki kai buroshi har jikin fata ba sai farcen yayi kamar ya ƙara tsawo. Mai madara yafi son farce mai ɗan tsayi.

Amma gaskiya akwai inda mai madara ya fi shi kuma bazan ɓoye miki ba. Mai duhu baya rufa asiri ko kaɗan, in hannunki ya ɗan karkace ya taɓa fata kowa zai gani, in bakin farcen ya ɗan ɓantare farin wajen zai fito ƙuru-ƙuru, kuma da yake farce yana tsiro kusan milimita 3 a wata to bayan sati biyu tazarar gindin farcen tana bayyana sosai a ƙarƙashin kala mai duhu. Mai madara ko ya ɓantare sai an matso kusa za'a gani. In ke mai yawan saka hannu a ruwa ce ko kina yawan buga kwamfuta ki yi la'akari da wannan. Sannan mai duhu yana rina farce ya barshi rawaya-rawaya in baki fara shafa bes kot, wato shafin farko da yake kare farce, a ƙasa ba, don Allah kar ki tsallake wannan matakin. Wajen gogewa ma sai da dabara, ki jiƙa auduga da rimuba, wato ruwan goge jan farce, ki danna akan farcen ki ɗan jira sannan ki ja zuwa baki, in kika hau murzawa gefe da gefe duk fatar yatsan zata ɓaci. A wajen shafawa kuma mai duhu yana rufewa a shafi biyu, mai madara saboda farin nan yakan yi layi-layi sai an kai na uku.

In jel zaki yi, wato jan farcen da ake busarwa a ƙarƙashin fitila ta musamman, to ki kula sosai da mai duhu, a shafa shi siriri-siriri ko da zai kai hawa uku. Hasken wannan fitilar ne yake busar da jel, kala mai duhu kuma tana tare hasken, in aka lafta da kauri sama ya bushe ƙasa yana nan danye, sai ki ga ya tattare ko ya ɗago, kuma danyen jel da yake taɓa fata shine yake jawo wa wasu ƙaiƙayi da kumburin yatsu. Wannan kam ba abin wasa bane.

Maganar yayi kuwa dukkansu suna ciki. Kamfanin Pantone mai tsara kaloli ya zaɓi wata kala mai suna Mocha Mousse a matsayin kalar shekarar 2025, wannan ɓangaren mai madara ne, kafin nan a 2022 faratan shahararriyar 'yar tallan kayan ƙawa Hailey Bieber masu kalar cakulan da aka goga musu hodar ƙyalli sun zagaye intanet. Akwai kuma wani dangi da yake ruɗa mutane, ruwan ƙasa mai toka irin jan farcen Particulière da kamfanin Chanel ya fitar a 2010, yana da kyau amma ba cakulan bane kuma shine yafi saurin kashe hasken hannun mai duhun fata. Haka in jan yayi yawa kin fita daga cakulan kin shiga marun, irin Rouge Noir ɗinsu na 1994. Wanda nake nufi yana tsakani, a ɗaki ki ganshi kamar baƙi, ki fita rana ki ga ruwan ƙasa ne mai ɗumi. Da kayan sanyi masu kalar madara, kore mai duhu ko ruwan goro, ga zoben gwal a yatsa, wallahi yana yin kyau ba kaɗan ba.

Kar ki yarda da kalar jikin kwalba ko hoton waya. In kin samu damar gwadawa ki manna farin salatif akan farcenki ki shafa sau biyu ki fita hasken rana ki duba, in kika ga ya koma baƙi ƙirin ko a rana to ki ajiye ki nemi wanda ya ɗan fi shi haske. Tof kot kuma, wato shafin ƙarshe da ake yi a saman kalar, ki sa mai sheƙi, mara sheƙi yana dusashe mai duhu, ki riƙa maimaita tof kot ɗin duk bayan kwana biyu ko uku kina shafa har bakin farcen.